Rana Ba Ta Ƙarya: Yadda Ake Tsara Aiki a Kwamfuta Idan Wa'adi Ba Ya Motsi

Rana ba ta ƙarya, in ji masu iya magana, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya. Duk wanda ya taɓa riƙe aikin da aka yanka wa rana ya san ɗanɗanon wannan kunyar. Akwai ranar da kai ka sa da bakinka, in abu ya cije ka ɗaga ta, ba wanda zai ce maka uffan. Akwai kuma wadda aka sa maka, irin ranar komawa makaranta, ko ranar zaɓe, ko ranar rufe karɓar takardun neman kwangila. Wannan ba ta san uzuri ba. Ko siminti ya yi tsada, ko birkila ya tafi jana'iza ƙauye, ranar tana nan tafe.

Mutum kan buɗe manhajar tsara aiki da wannan rana a ransa, kuma abin da hannunsa ke fara yi shi ne rubuta ta. Ya rubuta ta a aikin ƙarshe, sannan ya bi sauran ayyukan ɗaya bayan ɗaya yana liƙa wa kowanne ranar farawa da ranar gamawa, har komai ya shige cif. Jadawalin ya yi kyau, a buga shi a manna a bangon ofis. Ni ma haka na fara. Sai da na yi makonni ina kallon jadawalin da ke ce mini muna kan lokaci, alhali a fili ko linta ba a zuba ba, sannan na gane abin da na yi. Na ɗaure kowane aiki da turke, na kuma zauna ina jiran ya motsa ya ba ni labari.

Abin da zan nuna a nan ya dogara ne kan Microsoft Project, wadda ake sakawa a kwamfuta, domin ita ce aka fi cin karo da ita a ofisoshin 'yan kwangila da ma'aikatu. Manhaja ce tsohuwa, tun 1984 take. Wanda ba shi da kuɗin lasisi yana iya sauke ProjectLibre kyauta, fasalinsu kusan ɗaya ne. Manyan kamfanonin gini da na mai sun fi son Primavera P6, wadda Oracle ya saya a 2008. Sunayen maɓallai sun bambanta, lissafin da ke ƙarƙashi ɗaya ne.

Mu ɗauki misali mu riƙe shi har ƙarshe. An ba ka ginin ajujuwa uku a wata makarantar firamare. Ɗalibai za su dawo ranar Litinin 14 ga Satumba, ke nan makulli ya kamata ya bar hannunka ranar Asabar 12 ga wata. An sa hannu a takarda, an ce kana iya shiga fili ranar Litinin 15 ga Yuni. Tsakiyar damina ke nan, kar ka manta.

Kalanda tukuna

Kafin ka rubuta aiki ko ɗaya, gyara kalanda. Manhajar ta zo da tata al'adar: Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe 8 zuwa 12, a huta awa ɗaya, a dawo 1 zuwa 5. Awa 8 a rana, 40 a mako, Asabar da Lahadi hutu. Ba ta san Sallah ba, ba ta san Maulidi ba, ba ta san magina suna aiki ranar Asabar ba. Ka shiga Change Working Time ka buɗe Asabar, ka rufe ranakun hutun da suka faɗo cikin aikin. A misalinmu akwai hutun Maulidi kwana ɗaya a ƙarshen Agusta. Tunda ganin wata ne ke yanke ranar, ka sa wadda ka fi zato, ka gyara in an sanar.

Juma'a tana son lura. A wurin manhajar, kwana ɗaya awa 8 ne na aiki, ba fitowar rana da faɗuwarta ba. In ka rage Juma'a zuwa awa 5, aikin kwana ɗaya da ya faɗo ranar zai zuba ragowar awa 3 cikin Asabar, sai ka ga ayyuka suna farawa ƙarfe 11 na safe kana mamaki. Ba kuskure ba ne, lissafi ne. Ni dai a misalin nan na ƙirga Juma'a cikakkiya, don magina kan yi sammako su kuma dawo bayan an sauko daga masallaci. Kai ka san mutanenka.

Abu na biyu, ka duba ƙasan allo ta hagu, inda aka rubuta yadda sababbin ayyuka za su shigo. Tun fitowarta ta 2010 manhajar take barin sabon aiki a hannunka, wato ba ta matsar da shi da kanta ko da na gabansa ya makara. Ka mayar da shi Auto Scheduled tun kafin ka fara. Wanda ya bar shi a hannu ya sayi mota ne yana tura ta.

Me ke jiran me

Yanzu ka jera ayyukan, kowanne da yawan kwanakinsa kawai. Kar ka taɓa gurbin ranar farawa ko na gamawa. Kwanakin kuma ba daga kanka za su fito ba, ka tambayi mai yin aikin, kuma ka iya tambaya. In ka ce wa birkila "Malam, za ka gama a mako ɗaya?" zai ce in sha Allah, don ya ga abin da kake son ji ke nan. Ce masa, "Wancan ginin da ka yi irin wannan, kwana nawa ya ɗauke ka, kuna ku nawa?" Amsar da ta fito daga abin da ya riga ya faru ta fi wadda ta fito daga kunya.

Ga abin da muka samu. Share fili da awo, kwana 2. Haƙa fandisho, 4. Zuba kankare, ɗora bulon ƙasa, ciko da daɓe, 8. Ɗora bulo zuwa linta, 10. Kafa katako, ɗaura rodi da zuba linta, 3. A bar ta ta kama kwana 3, a ƙara bulon sama kwana 3, kafinta ya hau ya yi rufi kwana 8. Mai wayarin yana fasa bango yana binne bututu a daidai lokacin da kafinta ke sama, kwana 4. Filasta 9. A bar bango ya sha iska mako guda. Fenti 5. Shigar da bencina da shara, kwana 1. A gefe kuma akwai mai walda, zai haɗa ƙofofi da tagogi cikin kwana 15, amma ba zai yanka ƙarfe ba sai an zuba linta ya zo ya auna da kansa, kuma sai an kafa su, kwana 2, kafin a yi filasta. Akwai kafintan bencina, kwana 20, shi ba ruwansa da gini. A can ƙasa ka sa layi ɗaya mai kwana sifili, ka kira shi "Miƙa makulli". Manhajar za ta nuna shi da 'yar baƙar alama maimakon sandar da take zana wa sauran ayyuka.

Sai ƙulli. A gurbin Predecessors kake rubuta lambar aikin da wannan yake jira. Ƙulli iri huɗu ne, amma biyu za su ishe ka kusan kullum. Na farko, sai wancan ya ƙare wannan ya fara, shi ne FS, kuma shi manhajar ke ɗauka in ka rubuta lamba kawai. Na biyu, su fara tare, shi ne SS, kamar mai wayarin da kafinta. Jira kuma ana ƙara shi a jikin ƙullin. In filasta ita ce ta 11, a layin fenti ka rubuta 11FS+7ed. Waɗannan haruffa biyu na ƙarshe suna nufin kwanakin duniya, ba na aiki ba, domin bango ba ya hutun Lahadi, yana ci gaba da bushewa ko kowa na gida. Kwana 7 na duniya a kalandarmu daidai suke da 6 na aiki.

Ƙa'ida ɗaya ce ba na sassautawa a kanta: kowane aiki, ban da waɗanda ake farawa da su ranar farko, yana da wanda yake jira, kuma kowane aiki, ban da na ƙarshe, yana da mai jiransa. Aikin da ba a ƙulla shi da komai a gaba ba, manhajar za ta ɗauka ba wanda ya damu da shi sai ranar ƙarshe. Ko bencina ka ƙulla su da ranar shigar da su.

Inda wuyan aikin yake

Da ka gama ƙulli, sanduna za su jeru a dama kamar matakala. Wannan zanen sunan Henry Gantt yake ɗauke da shi, injiniya Ba'amurke da ya yaɗa shi wajen 1910 zuwa 1915. Amma zanen ado ne kawai in ba a ga lissafin ba. Ka ƙara gurbin Total Slack, wato rarar kwanakin da aiki zai iya makara ba tare da ya ja ranar ƙarshe ba, ka kuma kunna Critical Tasks don ayyukan da ba su da rara su koma ja.

Kowa a filin zai rantse cewa rufi ne wuyan aikin. Damina ce, ana son a rufe, idon mai aiki, wato wanda ya ba ka ginin, na kan kafinta. Mu ƙirga. An gama zuba linta a kwana na 27. Ta hanyar rufi, 3 na jira, 3 na bulo, 8 na kafinta, an kai kwana na 41. Ta hanyar mai walda, 15 a shago da 2 na kafawa, an kai kwana na 44. Filasta ba za ta fara ba sai su biyun sun iso, saboda haka sai bayan kwana na 44. Daga nan 9 da 6 da 5 da 1, jimla kwana 65 na aiki. Ashe kafinta yana da rarar kwana 3. Kafintan bencina yana da 44, yana iya zuwa biki ya dawo. Wanda ba shi da ko awa ɗaya shi ne mai walda, wanda shagonsa ma ba a filin yake ba, yana can bakin titi yana jiran a kawo wuta, ba mai leƙa shi.

Wannan doguwar sarƙa, wadda in ƙwaya ɗaya a cikinta ta makara duka aikin ya makara, ita ce dalilin da ya sa ake wahalar buɗe manhajar tun farko. Dabarar ta girmi kwamfutar tebur. A 1957 Morgan Walker na kamfanin DuPont da James Kelley na Remington Rand suka tsara ta don ayyukan masana'antun sinadarai, a shekara ta gaba kuma sojan ruwan Amurka suka fito da 'yar uwarta mai suna PERT don aikin makamin Polaris. Lissafin tafiya biyu ne. A bi ayyuka daga farko zuwa ƙarshe a ga yaushe kowanne zai iya farawa in an yi sauri, a dawo daga ƙarshe zuwa farko a ga yaushe ne ƙarshen lokacin da zai iya farawa. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce rara. Da takarda da fensir ma ana yi, manhajar ta fi mu ne da rashin gajiya idan abu ya canja.

Ƙidayar baya, sau ɗaya tak

A Project Information akwai wurin da ake zaɓar ko a tsara daga ranar farawa ko daga ranar gamawa. Wanda ke da wa'adi a wuya, zuciyarsa za ta ce masa ya zaɓi na biyu, ai don shi aka yi. Ka yi amfani da shi, amma a kwafi. Ajiye fayil ɗinka, yi masa kwafi, a kwafin ka juya zuwa ranar gamawa, ka sa 12 ga Satumba, ka karanta ranar farawar da za ta fito. A misalinmu Litinin 29 ga Yuni ce. Rubuta ta a takarda, rufe kwafin, ka koma kan na asali.

Wannan rana tana da amfani ƙwarai. Ita ce bakin rami. In kuɗin somin aiki bai fito ba har aka wuce ta, ka san tun a watan Yuni cewa Satumba ta kuɓuce, kuma kana da abin nuna wa mai aiki tun kafin a fara zargin juna. Tsakanin 15 ga Yuni da 29 ga Yuni akwai kwana 12 na aiki. Duk dukiyarka ke nan.

Dalilin da ya sa ba a zama a wannan tsari shi ne, da zarar ka juya shi, duk sabon aikin da ka shigar manhajar za ta tura shi can ƙarshen lokacin da zai yiwu. Bencina da za a iya gamawa tun Yuli sai a ajiye su su ƙare ana gobe shigar da su. Rarar kwana 44 ta tafi a banza tun ba a fara ba, domin an cinye ta a gaba maimakon a ajiye ta a baya. Ranar da injin kafinta ya lalace, babu inda za a matsa. Fafe gora ranar tafiya ke nan, sai dai wannan karon kwamfuta ce ta ba da shawarar. In ma ka riga ka gina jadawalinka a haka, juya shi zuwa ranar farawa bai wadatar ba, sai ka bi tsofaffin ayyukan ka mayar da kowanne As Soon As Possible, don suna riƙe da halinsu na da.

Turke da tuta

To ina za a sa 12 ga Satumba? Hanya biyu ce, kuma a nan ne mafi yawan jadawalai ke lalacewa.

Manhajar tana da sharuɗɗan rana iri takwas. Biyu masu sauƙin kai ne, wato da wuri iyakar iyawa, ko a makare iyakar iyawa. Huɗu suna toshe gefe ɗaya, kada a fara kafin rana kaza, kada a gama bayan rana kaza, da makamantansu. Biyu kuma turaku ne sosai, dole a fara rana kaza, dole a gama rana kaza. Wanda ya sa wa "Miƙa makulli" sharaɗin Must Finish On ya kafa turke. Yadda manhajar ta zo, tana fifita sharaɗin rana a kan ƙulli. Mai walda zai makara kwana 20, fenti ya zarce har cikin Satumba, amma 'yar baƙar alamar tana nan zaune daram a 12 ga wata kamar ba abin da ya faru. Za ta yi maka gargaɗi sau ɗaya a wani ɗan akwati, ka danna ka wuce, shi ke nan. Mai aiki ya kalli layin ƙarshe ya ga ranarsa, ya tafi da murna.

Abin haushi, turaku da yawa ba da niyya ake kafa su ba. Duk lokacin da ka rubuta rana da hannu a gurbin farawa, manhajar tana liƙa wa aikin sharaɗin kada ya fara kafin wannan rana. In a gurbin gamawa ne, kada ya gama kafin ranar. Ba ta tambayarka. Illar tana fitowa ne ran da aka yi sauri: birkila ya gama kwana 2 kafin lokaci, amma linta ta ƙi matsowa, ribar ta zube. Ka duba siririn gurbin alamomi da ke hagu. Duk layin da ka ga ɗan hoton kalanda, akwai sharaɗi a kansa. Ka tambayi kanka ko akwai dalili na zahiri, kamar kayan da ba za su iso ba sai ranar kaza, ko izinin da ake jira. In akwai, bar shi, ka rubuta dalilin a wurin bayani don wanda zai gaje ka. In babu, cire shi.

Hanya ta biyu ita ce tuta. Danna "Miƙa makulli" sau biyu, ka shiga shafin Advanced, za ka ga gurbin Deadline. Nan za ka sa 12 ga Satumba. Wata 'yar koriyar kibiya za ta bayyana a kan ranar. Ba ta riƙe komai, ba ta tura komai, tsayawa kawai take tana kallo. Alamar miƙa makulli tana yawo yadda gaskiya ta kai ta, yanzu tana Asabar 29 ga Agusta, kibiya tana can gaba da mako biyu. Ranar da alamar ta tsallake kibiya, jan gargaɗi zai fito a hagu, rarar duk ayyukan doguwar sarƙa kuma ta faɗa ƙasa da sifili. In ka ga -4, ma'anarta kwana 4 kake nema ka rasa.

Akwai wani abu da ke rikita sababbi. A Microsoft Project, muddin ba a tsallake tutar ba, rarar doguwar sarƙa sifili za ta nuna, ba 12 ba, don tana auna ta ne da ranar da lissafi ya ce za a gama. Primavera ta bambanta, in ka ba ta ranar da dole aikin ya ƙare, da ita take aunawa, sai ka ga 12 ɗin a fili. Saboda haka a Project sai ka fito da kwanakin da hannunka.

Kwanakin ko-ta-kwana

Tsakanin aikin ƙarshe da "Miƙa makulli" ka saka layi ɗaya, ba mai yinsa, ba kuɗi a kansa, ka kira shi "Ko-ta-kwana", kwana 12. Yanzu alamar makulli ta hau kan kibiya daidai. Duk ranar da wani abu ya makara, rara ta koma ƙasa da sifili, ka rage wannan layin da adadin, ka rubuta abin da ya ci kwanakin. Ruwan sama 2. Rashin wuta a shagon walda 1. Bayan wata guda kana da tarihin inda lokacinka ya tafi, ba zato ba.

Za ka ji sha'awar raba kwanakin nan, ka ba birkila 2, kafinta 2, mai fenti 2, kowa ya sami sarari. Kar ka yi. Tun 1955 wani marubuci ɗan Ingila, Northcote Parkinson, ya yi wa ma'aikatan gwamnati ba'a a mujallar The Economist cewa aiki kan kumbura ya cika duk lokacin da aka ba shi, kuma ba a Landan kaɗai abin yake ba. Wanda aka ba kwana 12 don aikin kwana 10, a kwana na 12 zai gama, in ma bai fara a makare ba don ya san akwai sarari. Eliyahu Goldratt ya gina littafinsa na 1997, Critical Chain, a kan wannan: a tattara rarar kowa wuri ɗaya a ƙarshe, a hannun mai lura da aikin duka. Ni abin da na ƙara a kai shi ne ba na ɓoye layin ga mai aiki. In ka ɓoye, ranar da ya gano zai ɗauka duk lissafinka cushe ne. Nuna masa ka ce, "Alhaji, waɗannan na ruwan Agusta ne, in Allah ya sa ba mu taɓa su ba, ka karɓi makullinka da wuri."

Ko 12 sun isa? Ga gini a damina, da kyar. Amma gara ka san da kyar ne tun yau.

Da komai ya zauna, ka danna Set Baseline. Hoton jadawalin ke nan a ranar da aka amince da shi, wanda za a riƙa gwada na gobe da shi.

Duk mako, rana ɗaya

Jadawalin da ba a sabunta shi ba ya mutu tun makon farko. Ka zaɓi rana, a ce yammacin Alhamis, ka zaga fili, ka kuma biya shagon mai walda da ƙafarka. Abu uku kake nema a kowane aiki: yaushe aka fara shi da gaske, in an gama yaushe, in ba a gama ba kwana nawa suka rage. Kar ka tambayi kashi nawa cikin ɗari aka yi. Kowane aiki a duniya yana kai kashi 90 da wuri, sannan ya kwana a nan. "Saura kaɗan" ba lamba ba ce. Ka ƙirga tagogin da ke jingine a bango, in 5 ne cikin 12 bayan kwana 8, kai ma ka san 7 da suka rage, ga ƙofofi, ba za su fito a kwana 7 ba.

Ka shigar da waɗannan, ka sa ranar rahoto a Status Date, sannan a Update Project ka zaɓi a matsar da aikin da ba a yi ba zuwa bayan wannan rana. In ka tsallake wannan, manhajar za ta bar aikin da ba a taɓa ba yana zaune a makon jiya, kamar ana iya komawa baya a yi shi.

Idan ko-ta-kwana ta fara ƙarewa da sauri fiye da yadda aiki ke ci, ƙofa uku gare ka. Ka ƙara hannu ko kuɗi, ka haɗa ayyukan da da suke bin juna su tafi tare, ko ka rage abin da za a miƙa. Duk wadda za ka bi, a kan jan layi kawai take da amfani. Ƙara wa kafintan bencina yara ba zai dawo maka da ko awa ɗaya ba.

Ko a kan jan layin ma, ka gwada a manhajar kafin ka fitar da kuɗi. A ce ka raba aikin ƙarfe tsakanin masu walda biyu, kwana 15 suka koma 9. Ka biya kuɗin kwana 6. Amma tagogi yanzu suna shirye a kwana na 38, rufi kuwa sai na 41, saboda haka filasta ta matso da kwana 3 kacal, jan launi kuma ya tashi daga kan mai walda ya koma kan kafinta. Sauran ukun ka saye su ne ba ka ci ba. Da ka sani, da ka nemi wanda zai karɓi ƙofofi kaɗai ya rage maka kwana 3 a kuɗi kaɗan.

Ƙarin hannu ma yana da iyaka. Fred Brooks, wanda ya jagoranci wani babban aikin manhaja a IBM, ya rubuta a 1975 cewa tura sababbin mutane cikin aikin manhajar da ya riga ya makara ƙara masa makara yake yi, don sai tsofaffin sun ajiye nasu sun koya musu. A gini abin bai kai haka tsanani ba, birkila birkila ne, amma aji ɗaya ba ya ɗaukar masu filasta goma, kuma babu adadin leburorin da zai sa bango ya bushe a kwana biyu cikin Agusta. Wanda ya matse wannan mako na bushewa zai miƙa makulli a kan lokaci, fenti kuma ya fara ɓarewa kafin hutun zangon farko.

Haɗa ayyuka ya fi araha a irin wannan gini, tunda ajujuwa uku ne. Ba dole a jira filastar duka ukun ba. Ka fasa filasta da bushewa da fenti gida uku, aji-aji, ka ƙulla kowanne da nasa. Kafin a gama filastar aji na uku, na farko ya kusa shan iskarsa, mai fenti ya shiga yana bin su a baya. Layukan jadawalin sun ƙaru, kwanaki sun ragu, ba ka ƙara ko sisi ba.

Ƙofa ta uku ba taka ba ce kai kaɗai, ta mai aiki ce, kuma tana buɗuwa ne kawai in ka je da wuri. A tsakiyar Agusta kana iya zama da shugaban makaranta ka ce, "Ranka ya daɗe, ga inda muke, muna neman kwana 4. In ka yarda a bar fentin waje sai hutun ƙarshen mako na farko, yara za su shiga aji ranar 14." Ka juya masa allon ya ga kibiyar da alamar da idonsa, ka cire fentin waje daga sarƙar a gabansa, ya ga jan gargaɗin ya ɓace. In ya ce a'a, fentin waje ne abin da baƙi za su fara gani, sai ka mayar, ku gwada silin ɗin baranda.